'Yata tana ji wa kanta ciwo, in bar ta ta shiga zaman rukuni?

Tambaya: Likita, barka da aiki. 'Yata shekararta 15. Tana alwala na hango tabon yanka a hannunta. Da na matsa mata, ta ce in ranta ya ɓaci sai ta yi haka take samun sauƙi. Nas ta ce a haɗa ta da wasu 'yan mata a zaman rukuni. Ina tsoron kada ta koyo abin da ya fi wannan, ga shi kuma a Zango magana ba ta kwana. Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Tsoronki yana kan hanya, domin 'yan mata kan ɗauki wannan ɗabi'a daga juna. Shi ya sa zaman da aka tsara da kyau yake da doka: ba a nuna tabo, ba a bayyana yadda aka yi. Ki tambayi mai jagorantar zaman ko suna bin wannan doka, da kuma ta riƙe sirri. In ya yi ta kame-kame, kada ki kai ta.

Zaman ya fi kama da aji. Tsarin da aka fi sani shi ne DBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa da koyar da dabarun shawo kan ɓacin rai, wanda Marsha Linehan ta Jami'ar Washington a Amurka ta samar, daga baya Alec Miller da Jill Rathus suka daidaita shi don matasa. Ana haɗuwa mako-mako na wasu watanni. Yarinya ta koyi gane abin da ke cin ta tun bai kai maƙura ba: kunya ce, fushi ne, ko kaɗaici? Ta koyi jure mintunan da zuciya ke tafasa, misali ta tsoma fuska a ruwan sanyi, wanda yake rage bugun zuciya, ko ta ja numfashi ta sake shi a hankali. Ta koyi faɗin damuwarta da baki. Ciwon da take ji wa kanta yana kwantar mata da hankali na ɗan lokaci, don haka "ki daina" kaɗai ba ya aiki sai an ba ta madadi.

A tsarin matasa har iyaye ake zama. Nan ne iyaye da yawa ke ja da baya, alhali nan ne amfanin yake. Duka, gori, ko kiran gwaggonni a yi mata taron dangi, ɓoyewa kawai suke koya mata. Addu'a kuwa ku ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Rukuni kaɗai bai isa ba, tana buƙatar ganin ƙwararre ita kaɗai. Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye yana kusa da ku.

Ki zaunar da ita ki tambaye ta kai tsaye, cikin sanyin murya, ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ta ce e, ko raunin ya yi zurfi, ko ta sha wani abu, ku tafi sashen gaggawa nan take ko ku kira 112, lambar kiran gaggawa ta Ghana. Ki kulle magunguna na gida. Kada tsoron 'yan sanda ya tsayar da ke: a 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka.