Sana'a za ta iya raba yaro da Kalare?

Malam, ka tambaya ko koyar da sana'a zai raba matasa da Kalare, wato gungun 'yan daba, a Gombe. Zai iya, amma ba da taron kwana uku da rabon takardar shaida ba. 'Yan siyasa sun yi amfani da yaran nan tun zaɓen 2003, sun saba musu da kuɗin banza. Sai an samo abin da zai riƙe su kullum.

A unguwarmu mun yi karo-karo muka sayi injin markaɗe da keken ɗinki biyu, ribar kuma da ita muke ɗaukar wani yaron koyo. Wallahi akwai wanda da adda yake kwana, yanzu shi ke rubuta cinikin yini. Bayan Isha'i liman kan zaunar da iyaye a kan maganar ƙwaya, don yawanci daga nan yaro ke fara zamewa.