Fatawa: Sashen Baffa, gonar jingina da satifiket ɗin da Yaya ya karɓo

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu ya rasu bara bayan babbar salla. Ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa bakwai, maza uku mata huɗu, iyayensa kuwa sun riga shi. Yana da gida a cikin birni wajen Ƙofar Doka wanda ya saya da kuɗinsa. A 1991 ya sa ƙanensa a sashe ɗaya, Baffa ya ƙara ɗakuna biyu daga aljihunsa, yau kuma yana cewa sashen nasa ne tunda ya haura shekara 30 a ciki. Akwai gida a Samaru da ɗalibai ke haya, sun biya na shekara. Akwai gona a hanyar Dakace da wani ya jinginar wa Baba a 2012 a kan naira 200,000, tun daga lokacin mu ke noma ta. Kwanan nan kuma muka gano Yayanmu ya karɓo satifiket ɗin gidan Samaru da sunansa shi kaɗai, yana son ya tashi ɗaliban ya sayar. Malam, wanne ne gado a ciki, wanne ne ba gado ba?

Ɗalibinka, daga Tudun Wada, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa kanku a bayansa.

Ɗana, duk wanda aka tarar a gida ko a gona, Shari'a ba ta fara tambayarsa shekara nawa ya yi, sai dai ta tambaye shi ta wace ƙofa ya shigo. Wani ya mallaki tushen abin, ta hanyar saye ko gado ko kyauta ko raya mataccen fili. Wani amfanin kawai ya mallaka zuwa wani lokaci, kamar ɗan haya da mai aro. Wani kuwa ko amfanin bai mallaka ba, izini aka ba shi ya mora da kansa, kamar almajirin da ke kwana a zauren malaminsa, wanda ba shi da ikon ya ba wani hayar makwancinsa. Imam Ƙarafi ya bambanta waɗannan biyun na ƙarshe a cikin littafinsa Furuƙ. Mai riƙe da jingina shi ne na huɗu, kuma abin da ke hannunsa tabbacin bashinsa ne kurum.

Zan fara da gonar, domin ita ta fi tayar min da hankali, kuma ita ce a wuyan mamacin.

Gonar nan ba gado ba ce. Abin da kuka gada shi ne bashin naira 200,000 da haƙƙin riƙe gonar har a biya ku. Jingina halal ce, Alƙur'ani ya ambace ta a Suratul Baƙara aya ta 283, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Inda al'adarmu ta kauce shi ne mai kuɗi ya karɓi gona ya yi ta nomawa damina bayan damina, ranar da mai gona ya samu kuma ya dawo masa da kuɗinsa cif. Rance ne da ya jawo amfani, wannan kuwa riba ce, komai daɗewarta a ƙauyukanmu. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa a sarari cewa 'ya'yan dabinon da aka jinginar na mai dabinon ne, haka kuɗin hayar gidajen da aka jinginar. Halilu, malamin Malikiyya, ya buɗe ƙofa ɗaya ƙarama a littafinsa Muhtasar: a shardanta cin amfanin jinginar na ƙayyadadden lokaci idan bashin na ciniki ne, amma ban da rance. Naku rance ne. Haka nan kada wani ya ce muku tunda mutumin ya kasa fansa gonar ta zama taku. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ya ce jingina ba ta kullewa.

Ga yadda za ku wanke mahaifinku. Ku samu manoma biyu ko uku na yankin, masu amana, su ƙiyasta kuɗin hayar irin wannan gona a kowace shekara tun 2012. Da kuɗi za a ƙiyasta, domin a mazhabarmu ba a hayar ƙasar noma da abinci ko da abin da take tsirarwa. Hatsin da kuka noma naku ne, iri da taki da ƙwadago naku ne, hayar ƙasar ce ake binku. A tara ta, a cire daga bashin. In ta cinye bashin har ta yi rara, rarar bashi ce a kan dukiyar mamaci, kuma ana biyan bashi kafin kowa ya taɓa gado. Na san za ku ce dubu ɗari biyun 2012 ba ita ce ta yau ba. Gaskiya ne. Asalin hukunci dai a biya kwatankwacin abin da aka ranta, amma ƙofar sulhu a buɗe take, ku zauna da shi a duba asarar kowa. Idan ya ce ya yafe, ku bari sai an rufe maganar bashin kuma ya san yawan haƙƙinsa, domin yafiyar wanda ake bi bashi sau da yawa kunya ce da tsoro. Ba na zargin mahaifinku da ganganci. Abin da ya taso ya tarar ya yi, Allah ya yafe masa, amma ku yanzu kun sani.

Sai satifiket. Tun 1910 Turawan mulki suka sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, dokar 1962 ta bi wannan sawu, sannan Dokar Amfani da Filaye ta 1978, a zamanin mulkin Janar Obasanjo, ta game ƙasar baki ɗaya: filin kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta. Don haka abin da takardar ke shaidawa haƙƙin zama ne da amfani, galibi na shekara 99, ana biyan harajin fili, ana neman yardar gwamna kafin a sayar ko a jinginar, kuma hukuma na iya karɓewa saboda maslahar jama'a ta biya diyyar gini. Wannan bai saɓa wa fiƙihunmu ba. Malikawa sun daɗe da cewa raya filin da ke kusa da gari sai da izinin shugaba, Shehu Abdullahi na Gwandu ma ya yi talifi a kan hukunce-hukuncen filaye. A fahimtata haƙƙin da takardar nan ke ɗauke da shi dukiya ce, ana sayar da ita, ana gadonta, kuma yin rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, abu ne da nake kwaɗaitar da kowa a kai, don yana toshe rigima.

Amma takarda shaida ce, ba ta haifar da mallakar da babu ita. Ranar da mahaifinku ya cika, a ranar gidan Samaru ya zama na mutum takwas. A hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi ya yi gargaɗi cewa wanda ya yanke wa hukunci da haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya kafa hujja, to yankin wuta ya yankar masa. Idan hukuncin Annabi bai halatta wa mutum abin da ba nasa ba, ina ga hatimin ofis? Ku fara kyautata wa Yayanku zato, wataƙila don sauƙin cike takardu ya sa sunansa. In haka ne, sai ya rubuta a gaban shaidu cewa amanar magada yake riƙe da ita, a koma a gyara. In ya sayar ba da yawunku ba, cinikin bai zartu a kan rabonku ba sai kun amince. Rabonsa shi kaɗai kuwa in ya sayar wa bare kafin a raba, kuna da haƙƙin shufu'a, wato ku mayar wa mai sayen kuɗinsa ku karɓi rabon, amma wanda yana gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. In ya ƙi ji, kotun Shari'a tana nan.

Maganar ɗalibai gajera ce. Haya ba ta warwarewa da mutuwar mai gida ko ta ɗan haya, kuma wanda ya biya shekara ya mallaki amfanin ɗakinsa har shekarar ta cika. Kuna iya sayar da gidan suna ciki, muddin an gaya wa mai saye. Cire ƙofa ko yaye kwano ko yanke wuta don a gaji da zama a fita, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan mutane ana tsakiyar jarrabawa, zalunci ne tsagwaronsa. Kuɗin hayar da zai shigo nan gaba kuma na magada ne duka.

Yanzu Baffanku. A gado ba shi da komai, 'ya'ya maza sun shamakance shi. Hujjarsa ita ce hauzi, kuma hauzi gaskiya ne: wanda ya riƙe gida shekara 10 ana danganta shi gare shi, mai gidan yana gari, yana gani, bai ce uffan ba, to an daina sauraron ƙararsa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka nisa, alƙalanmu kan kai shi shekara 40, saboda ɗan'uwa kan kau da kai ga ɗan'uwansa don zumunci. Ko ba wannan ba, hauzi ba ya aiki inda aka san ƙofar shigowa. Wanda ya shiga da aro ko haya ko jingina, ko zai shekara 60 a ciki, yana nan a matsayinsa na ranar farko.

Saboda haka komai ya rataya a kan kalmar da mahaifinku ya furta a 1991. In cewa ya yi "na ba ka", Baffa kuma ya karɓa ya zauna, kyauta ce da ta cika, sashen nasa ne, ba ruwan magada. In cewa ya yi "zauna iya rayuwarka", wannan ita ce umra, kuma a wurin Imam Malik zai zauna har ya koma ga Allah, sannan sashen ya dawo gare ku, ba ga 'ya'yansa ba. In kuwa cewa ya yi "zauna kafin Allah ya hore maka naka", aro ne. Aron da aka yi gini a kansa yana lizimta gwargwadon lokacin da aka saba, shekara 30 kuma ta wuce wannan, don haka magada ke da zaɓi: su biya shi kimar kayan gininsa a rushe, ko su bar shi ya kwashe kwanonsa da katakonsa. Tunda shi da kansa bai musa cewa wansa ne ya sayi gidan ba, shi ne mai da'awa, shi zai kawo shaidu biyu adilai a kan kyautar. In babu, ku rantse ba ku san an ba shi ba. Ku tambayi mahaifiyarku da tsofaffin unguwa da mai unguwa tun suna raye.

Wannan shi ne hukunci. Shawarata kuwa, ko da ta tabbata aro ne, kada ku fitar da dattijon nan. Annabi ya ce ɗan'uwan uba tamkar uba yake, mutanenmu kuma suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na sha ganin gidajen cikin birni da aka daina gaisawa a zaure ɗaya a kan ɗaki biyu, har jikoki suka gaji gabar ba su san mafarinta ba. Ku yi masa umra da kanku: ya amsa a rubuce cewa tushen sashen na magada ne, ku kuma ku rubuta masa zama iya rayuwarsa, a ƙayyade abin da za a ba iyalinsa a kan ɗakunan da ya gina. Sharaɗi dai kowane magaji ya yarda da bakinsa, matan a tambaye su ɗaya bayan ɗaya ba a gaban Yaya ba, kuma in akwai wanda bai balaga ba, ba a kyauta da rabonsa, sai manya su ɗauke daga nasu.

Bayan an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi ba, sai a kasa abin da ya rage kashi 80. Mahaifiyarku tumuni, wato kashi 10, kowane namiji 14, kowace mace 7, a gidajen da kuɗin hayar baki ɗaya. Maganar gonar kuwa ku gama ta kafin ruwan shuka ya sauka, don mai ita ya samu damar yin sharar gonarsa a bana.

Wallahu a'alam.