Ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ƙarancin bitamin D

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, na karanta tambayarki. Kin ce likita ya gaya miki bitamin D ɗinki ya yi ƙasa, ga ciwon baya da kasala, ga yaronki ɗan wata 20 ƙafarsa ta fara yin baka, kina mamakin yadda haka za ta faru a ƙasar da rana ke gasa mutane, kuma kina son sanin abin da za ki ci. Sannu, Allah ya ba ku lafiya. Ni ma wannan tambayar na yi wa likita, har da 'yar dariyata.

Nawa bayan haihuwa ta uku ya fara. Ba ciwo ne mai kwantar da mutum ba, shi ya sa na yi ta cijewa. Kwankwaso da cinyoyi su yi tsami kamar an yi min duka. Abin da ya fi tayar min da hankali tashi daga sujada ne: sai na dafa ƙasa da hannu biyu, wani lokacin na kama gefen gado, ni da ko arba'in ban kai ba. Na sha maganin maleriya, na sha na taifot, na sha jiƙon sanyi har na gaji da ɗacinsa. Surukata ta ce wankan jego ne ban yi da kyau ba. Sai da na kwashe fiye da shekara a haka kafin wata likita ta tura ni gwajin jini, wanda ake rubutawa 25-OH D a takarda. Nawa ya fito 11. Ta ce in ya gaza 20 an fara cewa bai isa ba, in ya gaza 12 kuwa ƙaranci ne sosai.

Da na kawo mata zancen rana, sai ta ce, "Hajiya, yaushe rabon da rana ta taɓa fatarki?" Na ce kullum mana. Ta ce, "Fatarki na ce, ba hijabinki ba." Na yi shiru ina lissafi. A bene muke, babu tsakar gida, shanya ma a baranda mai rufi nake yi. In zan fita, daga ƙofa sai cikin adaidaita sahu, hijabi har ƙasa, ga safa. Ashe ranar tana waje, ni ina ciki.

Fata ce ke haɗa wannan bitamin in hasken rana ya sauka a kanta kai tsaye, daga nan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. Tufa na tare hasken, gilashin taga ma yana tarewa, don haka zama a falo rana na shigowa ta taga ba ya ƙirguwa. Mu masu duhun fata kuma mun fi farare buƙatar daɗewa a rana kafin jiki ya haɗa abin da suke samu cikin ɗan lokaci. Aikin bitamin ɗin shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga abinci. In babu shi, ƙashi ya yi laushi, tsokar cinya ta yi rauni. Kin ji dalilin sujadata.

An ba ni ƙwaya mai IU 50,000 (IU ma'aunin bitamin ne), guda ɗaya a mako har mako takwas, daga baya aka mayar da ni ƙarama ta kullum. Ta ce in riƙa sha bayan abinci mai maiƙo, don da mai yake narkewa. Wajen mako na shida na lura na miƙe daga sallar asuba ban dafa komai ba. Amma don Allah kar ki je kemis ki sayi babbar da kanki saboda kin ji na faɗa. Wannan bitamin taruwa yake yi a jiki, in ya yi yawa kalsiyam ya cika jini, ya kawo amai da ƙishirwa, har tsakuwar ƙoda. Abin da babba ke buƙata a rana IU 600 ne kawai, jariri kuma 400.

Maganar abinci kuwa, ba zan rufe ki ba, shi kaɗai da wuya ya cike gurbi. Tuwo, shinkafa, wake, ganye da 'ya'yan itatuwa kusan babu komai na bitamin D a cikinsu. Inda yake da ɗan kauri shi ne kifi mai mai, irin titus da shawa da sadin na gwangwani, sai man hantar kifi. Ƙwaiduwa da hanta suna da shi amma kaɗan, ƙwai ɗaya bai wuce IU 40 da 'yan kai ba. Akwai madarar gari da bota da ake ƙara musu, ki duba jikin gwangwanin. Ni dai titus sau biyu a mako na mayar ƙa'ida, in kuɗin cefane ya yarda.

Sai shan hantsi irin na iyayenmu. Mahaifiyata a tsakar gida take tankaɗe da wanki da ɗaurin ƙirji, ba ta taɓa sanin wannan ciwon ba. Ba wai ki yar da suturarki ba, ki samu inda babu idon kowa, bayan ɗaki ko saman bene, ki buɗe hannuwa da ƙafafu kamar minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako. Ba ta sassafe ba, sai hantsi ya dubi ludayi, rana ta ɗaga sosai.

Yaron shi ne ya fi damuna a tambayarki. Yara da yawa ƙafarsu kan yi ɗan baka in sun fara tafiya, ta miƙe da kanta wajen shekara biyu. Amma tunda ke kina da ƙaranci, kuma nonon uwa dama bai da bitamin D mai yawa, ki kai shi a duba. Ki kama wuyan hannunsa ki ji ko ya yi kauri kamar kumburi, ki taɓa maɗigarsa ko har yanzu ba ta rufe ba, ki lura ko yana ƙin tsayuwa. Hoton ƙashin gwiwa da wuyan hannu shi zai raba gardama. Kuma kar a tsaya kan bitamin D kaɗai. A 1999 an fitar da sakamakon wani bincike da likitoci suka yi a Jos kan yara masu lanƙwasar ƙafa, aka ga cewa rashin kalsiyam ne babban abin da ke damunsu: kusan miligiram 200 suke samu a rana, alhali yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku 700 yake buƙata. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Yaron da aka yaye a kan koko da tuwon masara babu madara, ko yini yake a rana ƙafarsa na iya lanƙwashewa. Ki sa masa kindirmo ko madara kullum, ki daka ƙananan busassun kifi da ƙayarsu ki riƙa zuba masa a miyar kuka.

In za ki je asibitin, ki tafi da takardar gwajinki, ki nuna wa likitan yara tun kafin ya tambaya.