Shin na'ura za ta ƙwace mana aikin fihirisa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin fihirisa, wato tsara bayanan littattafai don a iya nemo su, a laburaren wata jami'a a nan Madina. Ana ta raɗe-raɗin za a rufe sashenmu, wai tunda ana sikanin littattafai, ga kuma basirar na'ura, ba a bukatarmu. In fara neman wata sana'a ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Abin da ke mutuwa shi ne sake buga bayanan littafin da wani ya riga ya shigar. Wannan kam jawo shi ake yi ta Z39.50, hanyar da laburare ke ɗauko bayanai daga juna, ko daga fihirisin Larabci na bai ɗaya da Laburaren Sarki Abdul'aziz na Riyad ke jagoranta. Aikin kansa sauyawa yake yi: a ƙa'idojin fihirisa, RDA ta gaji AACR2 tun 2013, sabon tsarin BIBFRAME kuma an ƙirƙiro shi ne don ya gaji MARC, tsarin adana bayanan littafi a kwamfuta cikin filaye masu lamba, sai ka fara koyon BIBFRAME ɗin.

Maganar "mun yi sikanin, mun gama" ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. Hoton littafi daban, fihirisi daban. Ɗauki takardar ajami: na'ura ta ga baƙaƙen Larabci, sai ta cika gurbin harshe, wato na 35 zuwa 37 a filin 008 na MARC, da "ara" (alamar Larabci), alhali "hau" (alamar Hausa) ya kamata. Shi ke nan, ɗalibin da ya tace bincikensa da harshen Hausa ba zai taɓa ganinta ba, tana nan kuwa a kan kantar laburare. Ga rubutun Magaribi, mai ɗigon fa a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Na'urar da ta saba da rubutun gabas sai ta mai da ƙaf fa. Sunaye fa? Ɗan Fodiyo, Ibn Fudi, Usmanu bin Fodiye, mutum ɗaya ne, amma in ba a ɗaure su a fayil ɗin tantance sunaye ba, zaɓaɓɓen suna a filin 100, sauran a filin 400, sun zama malamai uku. Hatta shekara: 1440 ta Hijira ta ratsa 2018 da 2019, wa zai duba ya yanke?

Masu tallan manhaja ba sa faɗin wannan, shugabanni kuwa yawan bayanai kawai suke ƙirgawa a rahoton ƙarshen shekara. Haba!

Ka bar na'ura ta yi maka daftari, amma kada ka saki bayani sai da littafin a hannunka: duba alamar harshe a 008 da 041, rubuta a 546, filin bayani kan harshe, cewa Hausa ce da ajami, in ka juya take zuwa boko ka ajiye asalinsa a 880, filin rubutun asali. Ka tara kurakurai ashirin irin waɗannan, ka kai wa shugaban sashenku a rubuce.