Wani Ya Fito Da Satifiket A Kan Filin Mahaifinmu, Ina Mafita?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Mahaifinmu ya sayi fuloti a bayan garin Kano a shekarar 2004, a hannun wani manomi da ya yanka gonarsa. Muna da takardar ciniki da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Ya zagaye filin da katanga, ya sa ƙofa. Bayan rasuwarsa mun tashi sayarwa don a raba gado, sai ga wani bawan Allah da satifiket na gwamnati, wanda ake kira C of O, ya ce filin nasa ne. Mai saye ya janye. Wasu 'yan'uwa na cewa mu kai shi wurin 'yan sanda, wasu na cewa mu haƙura tunda takardarsa ta gwamna ce. Ni ne babba a gidan. Me doka ta ce?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa. Shawarwarin nan biyu duk ka ajiye su tukuna. 'Yan sanda ba su da hurumin yanke wanda ya mallaki fili, iyakarsu su hana tashin hankali, ko su binciki takarda idan ana zargin ta bogi ce. Haƙura kuwa lokacinta bai yi ba, don satifiket ba shi ke rufe magana ba.

Abin da ya dace da ku shi ne ƙarar neman kotu ta tabbatar da mallaka. Kai za ka shigar, a madadin kanka da sauran magada, bayan sun amince a rubuce. Za ku roƙi kotu ta bayyana cewa haƙƙin filin naku ne, ta soke satifiket ɗin wancan mutum, ta kuma hana shi sake taka wurin. Tunda takardar gwamna ta shigo cikin maganar, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da hurumi, kamar yadda sashe na 39 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya tanada. Kotun shari'ar Musulunci za ta raba muku gado, amma ba za ta soke satifiket ba. Na sha ganin magada sun yi nasara a kotun da ba ta da hurumi, aka ɗaukaka ƙara, aka rushe hukuncin, suka dawo farko.

Dokar 1978 ta ɗora dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da ni da kai muke riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne. Satifiket shaida ce cewa mai shi yana da wannan haƙƙi, amma shaida ce da ake iya karyawa. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa idan wani ya riga mai satifiket samun haƙƙi a kan filin, kuma ba a soke haƙƙin nasa ta hanyar doka ba, to satifiket ɗin bai ba mai shi komai ba.

Kada wannan ya sa ka saki jiki. Kai ne mai ƙara, nauyin hujja a wuyanka yake. Tun shari'ar Kodilinye da Odu ta 1935 ƙa'idar take: da ƙarfin hujjarka za ka ci, ba da raunin ta abokin shari'arka ba. Ko da mutumin ya ƙi zuwa kotu, alƙali ba zai miƙa maka filin ba sai ka kawo shaida ta gamsar da shi. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 Kotun Ƙoli ta jero hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka: tarihin asalin filin daga kaka da kakanni, ingantattun takardu, ayyukan da mai abu kaɗai ke yi kamar gini ko ba da haya, daɗewar riƙo, da mallakar filin da ke maƙwabtaka da shi. Ɗaya ta isa idan ta tsaya da ƙafarta.

Taku hanyar ita ce takardar ciniki, kuma a nan aikin yake. Hatimin mai unguwa shaida ne cewa an yi ciniki a gabansa, ba shi ke ba da mallaka ba. Lauyan wancan ɓangaren zai ce ba a yi wa takardar rajista ba, ba a kuma nemi amincewar hukuma da doka ta shar'anta wajen sayar da fili ba. Duk da haka kotuna na karɓar irin wannan takarda a matsayin shaidar biyan kuɗi, kuma idan aka haɗa ta da shaidar cewa mai saye ya karɓi filin ya riƙe, tana ba da haƙƙin da kotu ke karewa, sai dai a gaban wanda ya saya da zuciya ɗaya ba tare da sanin akwai wani a wurin ba. Katangar da mahaifinku ya yi ta fi ƙarfin yadda kake zato: wanda ya ga fili a zagaye da ƙofa, da wuya ya ce bai san da mai shi ba. Sai dai ba a kan mahaifinku za a tsaya ba. Za a tambaye ku: shi manomin ta ina ya samu gonar? Idan gado ya ci, daga wa? An raba gadon, ko kason 'yan'uwansa ya haɗa ya sayar? Ka nemo shi ko 'ya'yansa, da shaidun cinikin, da maƙwabtan iyaka, tun suna raye kuma suna tuna abin da ya faru.

Kafin ka kashe ko sisi a kan shigar da ƙara, sa lauya ya binciki fayil ɗin satifiket ɗin a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano. Wannan binciken ne zai faɗa maka ko akwai shari'ar yi ko babu. Idan mutumin shi ma a hannun manomin nan ya saya daga baya, sannan ya je ya yi takarda, kuna da rinjaye, don wanda ya riga ya sayar ba shi da sauran abin sayarwa. Idan kuwa gwamnati ta karɓe gonakin yankin a ƙarƙashin sashe na 28 na Dokar 1978 tun kafin 2004, ta biya diyya, ta yanka fulotai ta raba, to mahaifinku ya sayi abin da ya riga ya fita daga hannun mai sayarwa. A nan gaskiya mai ɗaci ce: ba filin za ku bi ba, kuɗinku za ku nema wurin manomin ko magadansa. Idan bayan 2004 aka karɓe, sai a duba ko an miƙa wa mahaifinku sanarwa a rubuce, da ko don amfanin jama'a aka karɓa, domin rashin ɗayansu na iya rushe karɓewar.

Ka kuma ɗauki safiyo mai lasisi ya auna filin, ya kwatanta da zanen da ke jikin satifiket ɗin. Ba sau ɗaya ba, ana gama aune-aune sai a tarar takardar ta wani fuloti ce a layin baya. Ko ba haka ba, kotu ba ta ba da hukunci a kan filin da ba a fayyace iyakokinsa ba.

Game da lokaci, dokokin jihohi sun ƙayyade wa'adin neman fili, wasu shekara 10, wasu 12, don haka jinkiri ba abokinku ba ne. Shirun da mutumin ya yi tun 2004 kuma zai iya zama hujja a kansa. A mazhabar Malikiyya akwai hauzi: wanda ba ɗan'uwa ba ya riƙe wuri shekara 10, mai iƙirarin yana gari, yana gani, bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa. Amma daɗewar riƙo ta fi amfani wajen kare kai, kada ka gina ƙararka a kanta ita kaɗai.

Ranar da aka shigar da ƙara, lauyanka ya nemi umarnin wucin gadi na hana gini da sayarwa har a gama. Ku ma umarnin zai iya hawa kanku, don haka maganar mai saye ta tsaya. Kada ku ajiye matasa su tsare wurin, kada ku rushe abin da wani ya kafa. A sa duk mai iƙirari cikin waɗanda ake ƙara, har da hukumar da ta ba da satifiket ɗin, domin hukuncin waɗanda aka yi shari'ar da su yake ɗaurewa, da waɗanda suka gada ko suka saya daga gare su.

Shari'ar fili tana cin shekaru, tana iya kaiwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli. Idan binciken ya nuna kowane ɓangare na da rauni, ni sulhu zan ba ka shawara, ko a zauren sulhu na Babbar Kotun Kano ko a gaban dattawa, da sharaɗin a rubuta yarjejeniyar a kai wa alƙali ya mayar da ita hukunci. Kafin nan, ka sanar da alƙalin da ke rabon gadonku cewa wannan fuloti yana cikin rikici, a ware shi gefe, a raba wa magada sauran dukiyar.