Wankin bangon gida da inji: ya dace ko ɓarnar kuɗi ne?

Tambaya: Salam Malam, ni magidanci ne a Bodinga, hunturun bana ƙura ta mai da bangon gidana ja wur, sai wasu samari masu injin wankin mota suka ce za su wanke min shi tas. In ba su ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka ba su fara duba da me aka yi bangon. In ginin ƙasa ne ko da an masa shafen siminti to kar ka yarda, ƙarfin ruwan injin nan zai shiga tsaga ya ɓamɓare filasta, ƙasar ciki ta jiƙe, damina na zuwa ka ga bango na zubewa. In bulo ne mai fentin mai to bismilla, amma fentin ruwa wallahi da shi da ƙurar tare za su tafi, sai ka koma neman mai fenti.

Ka sa su rage ƙarfin injin, kar su kusanto da bakinsa jikin bango, su gwada a bayan gida tukuna, a kashe wuta a rufe mita da soket da leda. Omo kaɗan da burushi mai laushi sun isa.

Kar ka yi yanzu, bari hazo ya wuce wajen Maris, in ba haka ba sati biyu ƙura ta dawo. Sannan ku yi magana tun farko wa zai biya 'yan garuwa, don nan rigima ke tashi.