Ba a ƙofar baƙin tauraro Nkrumah ya ayyana 'yancin Ghana ba

Malam, ka tambaya ko a gindin babbar ƙofar nan mai baƙin tauraro ta Akara ne Kwame Nkrumah ya tsaya ya ce Ghana ta samu 'yanci. A'a, ba nan ba ne, kuma mutane da yawa suna wannan kuskuren saboda "AD 1957" da aka rubuta a goshinta.

A daren da ya waye 6 ga Maris 1957, a tsohon filin wasan folo Nkrumah ya yi jawabinsa, sanye da fugu irin ta mutanen arewacin Ghana. A wannan fili ne yanzu kabarinsa yake, tare da gidan tarihinsa da aka buɗe a 1992. Shi kuwa dandalin da ke gaban ƙofar, sai a 1961 aka kammala shi, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci ƙasar. Ka ga shekara huɗu ke tsakani.

In ka je, za ka tarar da ƙofar a tsakiyar shataletale, motoci na zagaya ta, kusa da filin ƙwallo na Akara. Dandalin fili ne fetal har bakin teku, ba inuwa ko ta kwabo, don haka kada ka kuskura ka je da tsakar rana. Shi baƙin tauraron, daga kamfanin jiragen ruwa na Marcus Garvey, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata daga Jamaika, wato Black Star Line, aka samo shi, kuma shi ne a tsakiyar tutar Ghana.